Darasi na 6: Ɓula, hoce da daddawa, ajiyar da kakanninmu suka yi a tukunya

Ga mai jagorantar zama: wannan darasi zai ci zama biyu. Kafin ranar, ki roƙi dattawan ƙungiya biyu ko uku su zo da ɗan abin da ke ɗakinsu, kamar curin daddawa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, da hoce in an samu. A jera su a faifai a tsakiyar tabarma. Kada ki karanta duka a numfashi ɗaya. Ki karanta kaɗan, ki tsaya, ki bar mata su yi magana, domin da yawa cikinsu sun fi takardar nan sanin abin da ke cikinta.

'Yan uwa mata, bari mu fara da tambaya. A girkin da kika yi jiya, me da me ya fito daga rumbu ko bayan ɗaki, me kuma sai da aka aiki yaro shago? In muka ƙirga, yawancinmu za mu tarar da magi, taliyar leda, tumatirin leda, mai na awo, wani lokaci har shinkafar. Kowanne ɗan kuɗi ne kaɗan, shi ya sa ba ma jin fitarsa. Amma kullum ne. Kuɗin da ke fita kullum shi ne ke hana mace cika zubinta ranar taro.

Kakanninmu ma sun sha fama da irin wannan lissafi, sai dai nasu da hatsi ne. A ƙasarmu ruwan sama wata huɗu ne, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Hatsi sau ɗaya yake shiga rumbu a shekara, baki kuwa kullum sai ya buɗe. In watan Yuli da Agusta suka zo, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ga aikin noma ya kai gaya. Yawancin girkin da muke kira na da, amsa ce ga wannan matsala: yaya za a yi abinci ya daɗe bai lalace ba, itace ya yi auki, miya ta yi daɗi ba tare da an je kasuwa ba? Abin da wannan darasi zai bi ke nan.

Abin da aka tarar da abin da ya zo daga baya

A ƙarshen ƙarni na 18 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara, kuma Faru na cikin wuraren da ya zauna. Ku kwatanta matan da ke girka wa ɗalibai da baƙi a lokacin. Me ke tukunyarsu? Gero da dawa da maiwa, wake, gujiya, kuka, kuɓewa, yakuwa wadda muke ce wa sure, daddawa, man shanu da man kaɗanya. Waɗannan su ne 'yan gida. Masu binciken tarihi sun tono ragowar gero da aka noma a arewacin Mali wajen shekara 4,500 da suka wuce, dawa kuma an fara nomanta a gabashin Sudan tun wajen shekara 5,000. Gishiri daga nesa yake zuwa, a kan raƙuman Azbinawa daga Bilma ko daga Foga ta yamma, saboda haka da awo ake sa shi.

Masara, rogo, gyaɗa, dankali, barkono da tumatir duk baƙi ne. Asalinsu nahiyar Amurka, kuma ba su shigo Afirka ba sai bayan 1492, da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da kawowa. Shinkafa kuwa tsohuwa ce a fadamun gulbin Sakkwato da Rima, amma a gidan talaka abincin salla da biki ce. Bayan an gama dam ɗin Bakolori a 1978 aka shiga noman rani gadan-gadan a Talata Mafara, Bakura da Maradun, sai ta ƙara zama abincin yau da gobe. Ba muna cewa baƙon abinci laifi ne ba. Abin lura shi ne, 'yan gidan nan su ne ke jure fari, su ne kuma iyayenmu suka san yadda ake ajiye su.

Sun koyi hakan da wahala. Tsofaffi na ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940, wasu cikinmu kuma sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Gidan da ya san ganyen tafasa da rama da zogale, yana kuma da busasshen kayan miya a rataye, ya fi wanda bai sani ba jurewa.

Ɓula

In akwai girkin da ya yi kama da asusu, to ɓula ce. Ki zuba wahala rana ɗaya, ki yi ta ɗiba har sati biyu ko uku.

Ga yadda aka fi yin ta, ko da yake kowane gida da hannunsa. A samu dawa, ko maiwa, ko masara, kamar tiya biyu ga gida matsakaici. A surfa, a bakace dusa, a wanke tas, a kai niƙa. A kwaɓa garin da ruwa a rufe shi ya kwana ɗaya ko biyu har ya yi tsami. Lokacin zafi kwana ɗaya ya isa, da hunturu sai an ƙara. Daga nan a ɗebi kaɗan a yi talge, a haɗa da sauran a tuƙa da muciya har ya yi tauri ya kama jikinsa. A cuccura kamar curin fura amma manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa su dahu har ciki. Wannan dahuwa ita ce ginshiƙi. Curin da cikinsa bai nuna ba shi ne zai fara narkewa ya ɓata sauran. In sun huce sai a jera su a randa ko tulu mai tsabta, a zuba ruwan sanyi ya sha kansu, a rufe.

Sauran aikin sauya ruwa ne, kullum ko bayan kwana biyu. Kada a tsoma hannu, a sa ludayi ko mara mai tsabta. In za a ci, a ciro adadin da ake so, a ɗauraye, a farfasa cikin ruwan zafi a sake tuƙawa har ya tafasa sosai, a kwashe a ci da miyar kuka ko ta sure.

Me ya sa ba ta lalacewa? Tsamin ne. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cin ɗan zaƙin da ke cikin gari su mai da shi tsami, irin waɗanda ke mai da madara nono. Yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa ba sa iya yaɗuwa cikin tsami. Har ila yau, hatsin da ya yi tsami jiki ya fi samun sinadarin ƙarfe da ke cikinsa, wanda mai ciki da mai shayarwa ke bukata don jini. Iyayenmu ba su san sunan ƙwayoyin ba, amma sun san aikinsu sarai. Duk da haka tsami ba laya ba ne. In ruwan ya yi yauƙi, ko wari ya sauya daga tsami zuwa ɗoyi, a zubar, kada a ce asara.

Ku duba abin da ɓula ke ragewa. Babbar wuta sau ɗaya, sauran kwanaki ɗan kara ya isa ɗumame. A halin da muke ciki, da shiga daji neman itace ya zama abin fargaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai shirin haihuwa tana iya yin ta tun da sauran ƙarfi. Da azumi tana sauƙaƙa sahur. Da damina kuma mace ta dawo daga gona a gajiye, kafin a yi sallar isha'i yara sun ci sun kwanta. A ganinmu babu dalilin da zai sa 'yan matan yanzu su tashi ba su iya ta ba, in ban da raini da ake yi mata wai abincin ƙauye ne.

Hoce da ɗatunsa

Duk inda Bazamfare ya je, in aka tashi tsokanarsa da hoce za a fara. To a yi ta tsokana. Abinci ne da ba ya son mai, ba ya son miya, ana sa shi a aljihu ko a burgami a yi tafiyar kwanaki, shi ya sa ya zama guzurin matafiyi da mai kwana a gona.

Garin dawa ake samu mai laushi. Wasu sukan dama kaɗan da ruwan zafi ya zama kamar kunu mai kauri, su kwaɓa sauran garin da shi don ya yi danƙo. A rufe ya kwana. Da safe a ɗanɗana. In tsamin ya yi yawa a ɗiga ruwan kanwa kaɗan, a sa gishiri. A ɗora tukunyar ƙasa a wuta ba ruwa har ta yi zafi, a riƙa ɗiban ƙullun ana faɗaɗa shi a tafin hannu ana mannawa a jikinta, a rufe. In gefe ɗaya ya gasu zai saki da kansa, sai a juya. Wuta ta zama ta garwashi. Mai gaggawa ita ke fitar da hoce baƙi a waje ɗanye a ciki.

Ana cin sa haka nan da ruwa ko da kunu, amma daɗinsa na ga ɗatu, abin da mutanen Kano ke kira kwaɗo. A marmashe hocen, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, yaji, albasa, ɗan mai, tumatir in akwai, a yayyafa ruwa a cuɗe. In aka haɗa da dafaffen zogale ko rama, an samu hatsi, an samu ganye, an samu abin gina jiki a kwano ɗaya, ba a sayi nama ba.

Akwai ɗan tarihi a kwanon nan. Dawar ta dubban shekaru ce, gyaɗar kuwa baƙuwa ce, kuma nomanta bai bunƙasa sosai ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kano aka fara fitar da ita ƙasashen waje wajen 1912, sa'an nan layin dogo ya kai Gusau da Ƙaura Namoda a 1929. Maza suka noma don biyan haraji, mata suka karɓe ta suka mai da ita sana'a: a soya, a daka, a matse mai, a toya tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli. Mace nawa ce a ƙasar nan ta yi wa 'yarta kayan ɗaki da kuɗin mai da ƙuli? Ku tambayi dattawan da ke zaune tare da ku.

Daddawa

A nan za mu ɗan daɗe, don nan ne kuɗin cefane ya fi zurarewa.

Kafin magi, daddawa ce uwar miya. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1850, ya bi ta Zurmi zuwa Wurno da Sakkwato a 1853, kuma ya ambaci daddawa cikin kayan da ya ga ana sayarwa a kasuwanni. Dunƙulen Maggi kuwa wani kamfanin ƙasar Siwizalan ne ya fito da shi a 1908, ya daɗe kafin ya iso ƙauyukanmu. Irin waɗannan dunƙule kusan rabinsu gishiri ne. Suna ba miya ɗanɗano, amma ba sa ƙara wa yaro tsoka. Daddawar kalwa kuwa kashi ɗaya cikin uku nata, ko fiye, abin gina jiki ne irin wanda ake samu a wake da nama. Ga gidan da nama sai ranar kasuwa, wannan bambanci ne babba.

Kalwa ita ce ƙwayar ɗorawa bayan an cire garin nan rawaya mai zaƙi. Tana da taurin kai, sai an dafa ta yini guda, wani lokaci har da dare, kafin ɓawon ya yi laushi. A zuba a turmi da ɗan yashi ko toka a sussuka a hankali, a kai ruwa a wanke, ɓawo ya taso a zubar. A tsince waɗanda ba su fashe ba. A sake dafa farar ƙwayar awa ɗaya ko biyu, a tsane, a zuba da zafinta cikin kwando ko ƙwarya da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu da tsumma a ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu zuwa uku za ta yi duhu, ta yi danƙo, warinta ya cika gida. A daka, a cura ko a faɗaɗa, a shanya har ta bushe ƙamas. Wadda ta bushe da kyau tana yin watanni a rataye kusa da murhu.

Kowa ta san ɗorawa ta yi wuya yanzu. An sare da yawa, waɗanda suka rage kuma wasu na can gonakin nesa da ba a iya zuwa. To iyayenmu sun bar mana mafita a bayan ɗaki, wato daddawar batso. Da 'ya'yan sure ake yin ta, waɗanda ake kira gurguzu. A wanke, a dafa su daɗe har su yi laushi, a sa ruwan toka, a rufe kwana biyu, a daka, a sake rufewa, sa'an nan a shanya. Warinta ya fi na kalwa ƙarfi, gaskiya ne, kuma ba kowane maigida ke so ba da farko. Amma sure ɗaya ya ba ki ganyen miya, ya ba ki zoɓo, ya ba ki daddawa, a gefen gona ko jikin danga. Akwai kuma masu yi da waken suya, wanda ya fi saurin dahuwa, itacensa kaɗan.

Ba a ce ki daina sa magi yau ba. Gwada rage rabi ki cike da daddawa da albasa da ɗan busasshen kifi in ya samu, ki ji abin da mutanen gida za su ce.

Fura ba ta bukatar a koya wa kowa a nan. Abin da za mu ƙara kawai shi ne daɗewarta: matafiyin nan Ibn Battuta, da ya zaga ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, ya ba da labarin abin sha na dakakken gero da ruwa da ake haɗawa da nono ko zuma. Haka kayan miya na shanya. Kuka da zogale a inuwa ake shanya su, in sun sha rana sai su koɗe, amfaninsu ya ragu. Kuɓewa a yanka ta tun tana ɗanya shataf, lokacin da ta yi araha a kasuwar Talata Mafara, ba sai rani ya yi an saya da tsada ba.

Inda za mu gyara wa na da

Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba duk abin da aka gada ne za a ɗauka ido rufe ba.

Na farko kanwa. 'Yar kaɗan a ɗanwake ko tubani ko hoce ba matsala. Damuwar tana ga kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan shan kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Inna da Gwaggo, ku da ke kula da masu jego, a rage hannu, a ba ta kunun gyaɗa ko na tsamiya a madadinsa. In ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ba kanwa za a ƙara ba, asibiti za a kai ta a ranar.

Na biyu gyaɗa da masara masu fumfuna. Ƙwayar da ta yi baƙi, ko kore, ko ɗaci, tana iya ɗauke da dafin da ke lalata hanta ya kuma tsumburar da yara, kuma suya ba ta kashe shi. A tsince a zubar. Kada a ce ai ƙuli za a yi, ba mai gani.

Na uku turmi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasa da abinci. Tun da a yankinmu ma ana haƙar zinariya, turmi ko taɓarya ko injin niƙa da ya taɓa dutsen ma'adini kada ya kusanci hatsi, komai wankin da aka yi masa.

Aikin ƙungiya

A zama na farko, kowace mace ta faɗi abin da take kashewa a rana kan magi da tumatirin leda. Magatakarda ta rubuta, a ninka sau bakwai, sa'an nan a aza shi kusa da kuɗin zubi na mako. Masu ƙidaya da tsakuwa su jera tsakuwa gida biyu kowa ta gani.

Daga nan a kasu uku: masu ɓula, masu hoce, masu daddawa. Kowane kashi ya samu dattijuwa ɗaya da ta iya, a je gidanta a yi tare da ita, da 'yan mata biyu aƙalla a wurin. A auna komai: tiya nawa aka sa, itacen nawa, kuɗin niƙa nawa, curi nawa ya fita. Wadda ke tunanin karɓar rance don sana'ar ɗaya daga cikinsu ta jira wannan lissafi tukuna, ta kuma sa ladan wahalarta a ciki, don yawancinmu nan muke mantawa. Daddawa da ƙuli-ƙuli suna jiran mai saye. Hoce kwanaki kaɗan ne, sai a yi daidai wanda za a sayar.

A zama na biyu kowane kashi ya zo da abin da ya yi a ɗanɗana. In wata ta san wani girkin da ba a ambata a nan ba, ko gidansu na yin ɗaya daga cikin waɗannan ta wata hanya dabam, ta faɗa a rubuta a shafukan da aka bari a ƙarshen littafin nan, da sunan garin da aka koyo shi.